Ilimin Tantance Saƙonnin Kafofin Watsa Labarai

Ilimin tantance saƙonnin kafofin watsa labarai fanni ne da ke koya wa mutum, musamman matashi, yadda zai auna abin da ya ji a rediyo ko ya gani a talabijin da wayar salula kafin ya gaskata shi ko ya tura wa wani. Ginshiƙinsa tambaya ce: wa ya shirya saƙon, me yake nema da shi, wace hujja ya kawo, kuma me ya ɓoye?

A watan Janairun 1982 wakilan ƙasashe 19 suka haɗu a garin Grünwald na Jamus ta Yamma ƙarƙashin UNESCO, hukumar ilimi, kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, inda suka amince cewa shirya yara don rayuwa cikin duniyar hotuna da sautuka nauyi ne da ya rataya a wuyan makaranta da iyaye baki ɗaya. A shekarar 2021 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 24 zuwa 31 ga Oktoban kowace shekara domin wannan fanni, kuma Abuja ce ta karɓi baƙuncin taron duniya na wannan mako a 2022.

Najeriya ta ɗanɗana kuɗar rashin tantancewa a watan Agustan 2014, bayan cutar Ebola ta ɓulla a Legas. Saƙo ya bazu ta wayoyi cewa wanka da ruwan gishiri da shansa na kare mutum, jama'a suka tashi cikin dare suna dama gishiri a bokiti, suna buga wa 'yan'uwa waya su ma su yi. An ba da rahoton mutuwar aƙalla mutum biyu, wasu kuma aka kwantar da su a asibiti.

Babban cikas ga fannin yana cikin aji. Bahaushe na cewa matambayi ba ya ɓata, amma a makarantu da dama ɗalibin da ya ce, "Malam, ina aka samo wannan?" akan ɗauke shi mara kunya, a fifita wanda ya iya hadda. Wannan asara ce babba, domin yaron da aka hana tambayar malaminsa da wuya ya tambayi bidiyon da ya gani a TikTok, inda ba malami ba littafi. Cibiyoyin binciken gaskiyar labari irin su Africa Check, da aka kafa a 2012, da Dubawa, da ta fara aiki a 2018, suna ƙaryata jita-jita, sai dai galibi gyaransu kan iso ne bayan labarin ya gama zagaya gari.