Tarihin fim a aji: tambayoyin da ɗalibai ke yi mini a Jos

Duk shekara idan sabbin ɗalibai suka shigo ajin tarihin fim, kusan tambayoyi iri ɗaya suke kawowa. Wasu a cikin aji, wasu kuma sai an tashi su biyo ni har bakin ƙofa. Yawancinsu kyamara suka zo koyo, don haka ganin kalmar tarihi a jadawali ba ya yi musu daɗi. Ga waɗanda aka fi yi mini, da abin da nakan ce.

Malam, ni ɗaukar hoto na zo koya. Me zan yi da finafinan da suka girmi kakana?

Ido za su gyara maka. Nakan kunna wa aji wani yanki na Battleship Potemkin, fim ɗin da Eisenstein ya yi a Rasha a 1925, wurin da sojoji ke saukowa a kan wata doguwar matakala suna harbin jama'a. Babu muryar kowa. Ana nuna takalman sojoji, sai fuskar wata uwa, sai keken jariri yana gangarowa shi kaɗai. Da farko ana ta ƙus-ƙus ana duba waya, amma kafin keken nan ya kai ƙasa ajin ya yi tsit. Sai in dakatar in tambaya: me ya kama ku? Da an ɗan tattauna sai su gano cewa yadda aka yanka hotunan aka jera su ne. To wannan aikin ne dai za ka zauna kana yi a gaban kwamfuta ranar da aka ba ka tace hoto.

Daga ina ake farawa?

Yawancin littattafai daga ranar 28 ga Disamba, 1895 suke farawa, ranar da 'yan'uwan nan biyu na gidan Lumière suka nuna hoto mai motsi a Paris, mutane suka biya kuɗi suka kalla. Daga nan a bi zamanin fim mara magana har zuwa 1927, lokacin da The Jazz Singer ya shigo da murya a Amurka. Indiya ta yi dogon fim ɗinta na farko a 1913, mai magana kuma a 1931.

Ni kuwa a makon farko nake ƙara wata shekarar a allo: 1903. A watan Agustan shekarar aka nuna fim a zauren Glover da ke Legas. Shekara takwas ke nan bayan Paris, kuma a lokacin ba a ma haɗe Arewa da Kudu ba.

Jos fa, tana da wani gurbi a wannan tarihin?

Tana da shi tun kafin a haifi iyayenku. A 1926 wani Bature mai suna Geoffrey Barkas ya fitar da Palaver, wanda aka ɗauka a nan ƙasar Filato, a cikin Ngas da Mwaghavul, waɗanda a da ake kira Angas da Sura. Labarin rikici ne tsakanin wani Di'o da wani Bature mai haƙar kuza, mutanen ƙasa kuma an mai da su abin tsoro da abin kallo. Ranar da muka zo kansa aji yakan yi zafi, domin akwai jikokin waɗancan mutanen zaune a kan benci. Wani ya ce bai kamata a koyar da shi ba sam. Ra'ayina shi ne a koyar. Wanda bai san yadda baƙo ya riƙe kyamara a kan kakanninsa ba, zai iya zuwa ƙauye gobe ya riƙe ta haka a kan wasu bai ankara ba.

Bayan wannan, a Jos hedikwatar Hukumar Finafinai ta Nijeriya take, wadda aka kafa a 1979. A nan Cibiyar Koyar da Harkar Fim ta Ƙasa take tun 1995, a nan kuma ma'ajiyar tsofaffin finafinai da muryoyi ta ƙasa take. Ɗalibin da ke karatun fim a garin nan, a bakin rijiya yake zaune.

Majigi da silima ba abu ɗaya ba ne?

A'a, kuma tsofaffi sun fi ku sanin bambancin. Majigi na hukuma ne. Mota ce take zuwa gari da injin wuta da farin ƙyalle, a kafa a fili, sau da yawa a ƙofar fada, kowa ya kalla kyauta, wani yana tsaye yana bayani da Hausa. Abin da ake nunawa shi ne tsafta, da rigakafi, da noman auduga, da labaran gwamnati. Turawan mulki sun kafa sashe guda na irin waɗannan finafinai a 1939, suka damƙa shi a hannun William Sellers, wanda tun da farko jami'in kiwon lafiya ne a Legas. Kalmar ma daga sunan wata fitilar haska hoto ta Turawa Hausawa suka lanƙwaso ta.

Silima kuwa kasuwanci ce, sai ka yanki tikiti, kuma galibi 'yan kasuwar Labanan ne suka riƙe ta. Shi ya sa uban da zai bar ɗansa ya je majigi, shi ne zai zane shi idan ya ji an gan shi a ƙofar silima. Jingar da nake bayarwa a nan ba ta buƙatar intanet: kowa ya nemi dattijo ɗaya a unguwarsu, ya tambaye shi majigin farko da ya gani, ko daren da ya fara shiga silimar Kwararafa ta nan Jos, ya rubuto.

Da gaske daga Indiya aka kwaso waƙa da rawa?

Ba a musun tasirin Indiya. An kwashe shekaru ana haska finafinansu a silimun Arewa, daga baya talabijin ya kai su cikin gida. Amma amsa ɗaya ba ta isa a ajina. Akwai wasan kwaikwayon rediyo da talabijin, akwai ƙungiyoyin dirama na Kano, akwai littattafan soyayya. Ɗaya daga cikin ƙungiyoyin, Tumbin Giwa, ita ce ta fitar da fim ɗin Hausa na bidiyo Turmin Danya a 1990, shekara biyu kafin Living in Bondage, fim ɗin Kudu da ake cewa shi ya buɗe harkar Nollywood. Sunan Kannywood ya fito a mujallar Tauraruwa a 1999, na Nollywood kuwa sai a 2002. Ɗalibai da yawa sun zaci mu ne muka kwaikwayi sunan.

Hadda za mu yi ta yi ke nan?

Shekaru kaɗan ne dole ka riƙe, ba su kai ashirin ba. Mafi yawan maki a kallo yake: in ba ka minti uku na fim, ka gaya mini inda aka ajiye kyamara, da inda aka yanka, da dalili.

To ina za mu samu tsofaffin finafinan mu kalla?

Wannan ce tambayar da ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. Fim yana mutuwa. Na farko-farko an yi su ne a kan wani zare mai saurin kama wuta, wanda ya biyo baya kuma idan ya fara lalacewa sai ka buɗe gwangwaninsa wani wari mai tsami ya buge ka. Amurka da duk kuɗinta ta rasa kusan kashi 70 cikin 100 na dogayen finafinanta marasa magana. Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana ɗauka ya salwanta. A 2016 aka gano shi a ma'ajiyar nan ta Jos, aka gyara shi tare da ƙwararru daga Jamus, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018.

Abin da ya fi damuna shi ne kaset ɗin bidiyo. Finafinan Hausa na shekarun 1990 a kansa suka fito, shi kuwa zafi da danshi suna cinye shi, na'urar kunna shi ma ta zama sai an tona. Wata ɗaliba ta taɓa kawo mini kwali guda daga ƙarƙashin gadon kakarta, kaset goma sha ɗaya. Huɗu ne suka yi, sauran farin ƙura ya lulluɓe zaren. Tun daga lokacin nake cewa duk wanda zai je hutu ya leƙa ƙarƙashin gado da bayan sif, abin da ya samu ya kawo, ko da bangon kaset ne kawai, domin a jikinsa ake rubuta sunan darakta da na kamfani.