Silan mai haɗa kaya: aikinsa, haɗarinsa da yadda ake riƙe shi

Silan mai haɗi wani ruwan sinadari ne da masana'antu ke zubawa ɗan kaɗan don ya ɗaure abubuwa biyu da a ɗabi'arsu basa kama juna, wato abu mai asalin dutse ko ƙarfe irinsu gilashi, yashi, siminti da alminiyom a gefe guda, sai kuma abu mai asalin roba irinsu gam, fenti, leda da robar taya a ɗaya gefen. Ruwa ne garai kamar ruwan famfo, wani lokaci da ɗan rawaya-rawaya, kuma wannan kamannin nasa shine babbar matsalar don mutum na ganinsa sai ya raina shi. Kada a haɗa shi da iskar silan ɗin nan mai suna SiH4 da ake aiki da ita a kamfanonin yin farantin sola da kayan cikin kwamfuta, ita wannan iska ce kuma tana kama wuta da kanta da zarar ta haɗu da iskar waje, sunan ne kawai ɗaya.

Yadda yake aiki

A tsakiyar ƙwayarsa akwai silikon guda ɗaya, shi kuma yanada hannu huɗu. Uku daga ciki suna riƙe da wasu ƙananan sassa masu asalin barasa da ake kira metoksi ko etoksi, su ne idan suka haɗu da ruwa ko da laimar iska ce suke sakewa su bar silikon ɗin ya manne a jikin gilashi ko ƙarfe. Hannu na huɗun kuma shine ke riƙe da abinda zai kama robar, wani amino ne, wani ifoksi, wani binil, wani kuma farar wuta ce a jikinsa. Kaga kenan ya zama kamar dillali a kasuwa, hannu ɗaya wajen mai saye ɗaya wajen mai sayarwa.

Tun shekarun 1940 aka fara neman irin wannan sinadari lokacin da aka ga kayan da ake yi da zaren gilashi da gam suna rasa ƙarfi idan sun daɗe cikin ruwa, ruwan sai ya bi ta tsakanin zaren da gam ɗin ya raba su. Wani masanin sinadarai na kamfanin Dow Corning a Amurka mai suna Edwin Plueddemann na cikin waɗanda suka fi yin suna a wannan fanni. A kasuwa ba kasafai ake kiran dogayen sunayensu ba, lamba ake kira. Mai amino shine A-1100 ko kuma KH-550 a duromin da suka fito daga Sin, mai ifoksi A-187 ko KH-560, akwai A-174 ko KH-570, mai binil kuma A-171. Na taya shine Si 69 wanda kamfanin Degussa na Jamus ya fito dashi, dashi ake haɗa garin silika da roba, kuma irin wannan haɗin ne kamfanin taya na Michelin ya yi amfani dashi a 1992 ya fitar da tayar da take rage shan mai.

Banda taya ana saka shi a fenti, gam ɗin liƙe gilashin taga da na mota, robar da ke jikin wayar lantarki, bututun ruwa na roba, tankin ruwa da kwale-kwale na zaren gilashi, har likitocin haƙori suna shafa shi kafin su liƙa haƙorin tangaran. Yawanci kaɗan ake bukata, kashi 0.5 zuwa 2 cikin ɗari a ruwa ko barasar aiki ya isa. A nan Kaduna wanda zai iya cin karo dashi shine ma'aikacin kamfanin roba ko fenti a Kakuri da Kudenda, da masu aikin gilashi da alminiyom, da ɗaliban kimiyya a ɗakin gwaji, sai kuma wanda bai san ma akwai shi ba, wato mai sayen durom ɗin da aka gama amfani dashi.

Inda haɗarin yake

Abinda ya kamata kowa ya riƙe shine wannan sinadari an yi shi ne takanas don ya yi aiki idan ya haɗu da laima, toh ido laima ne, cikin hanci da maƙogwaro da huhu duk laima ne, zufar hannu ma laima ce. Abinda yake yiwa gilashi shi zai fara yi a jikin mutum. Idan hannayen nan uku suka sake, mai etoksi yana fitar da etanol, mai metoksi kuma yana fitar da metanol, dukkansu nau'in barasa ne, kuma ba ɗan kaɗan ba. In aka lissafa, kilo ɗaya na KH-560 idan ya gama haɗuwa da ruwa yana sakin metanol wajen giram 400, na binil ɗin ma ya fi haka don ya haura giram 600. Metanol kuwa guba ce da hanta ke mayarwa wani asid mai cinye jijiyar ido, wajen mililita 10 wato bai kai cokalin cin abinci ba zai iya makantar da mutum, wajen 30 kuma zai iya kisa. Shine ya kashe mutane a jihar Ondo a 2015 bayan sun sha ogogoro. Abin tsoron shine baya nuna kansa nan take, mutum zai iya yin awa 12 zuwa 24 yana ganin lafiyarsa ƙalau sannan ciwon kai ya fara, da amai, da jiri, ya riƙa ganin hazo kamar ana buji a cikin idonsa, a lokacin gubar ta riga ta yi nisa.

Mai amino nasa daban ne. Shi yana da kaifi irin na soda, yana ƙona fata kuma yana ƙona ido, warinsa kamar na amoniya, kuma ƙunar irin wannan sinadari ta fi ta asid nutsawa cikin tsoka don bata tsayawa a sama, ci gaba take yi. Da farko mutum zai ji hannunsa na santsi kamar ya taɓa sabulu sai ya goge a wando ya ci gaba da aiki, can anjima wurin ya yi ja ya tashi. Wasu kuma jikinsu na kama shi, daga baya ko ɗigo ya taɓa su sai ƙaiƙayi da ƙuraje, har ya kai mutum ya bar sana'ar dole. Mai ifoksi shi ma an san shi da yiwa ido mummunar illa.

Sai maganar wuta. Mai binil yana fara fitar da tururin da zai kama wuta tun daga zafin digiri 25 ko kusa da haka, alhali ranar Kaduna ko a lokacin sanyi tana wuce haka balle Maris da Afrilu, a shagon kwano kuwa ai sai Allah. Tururin ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi ya tafi har inda janareta yake ko inda mai walda ke aiki, wutar ta biyo shi ta dawo kan durom. Mai amino bai kai haka saurin kamawa ba don sai zafi ya haura digiri 90, amma kada wannan ya ruɗi mutum, idan laima ta shiga durom ɗin barasar da ta taru a ciki ita ce zata kama. Wutar metanol kuma da rana kusan ba a ganinta, sai dai a ji zafi.

Riƙo da ajiya

Duk sinadarin da aka shigo dashi ta hanyar da ta dace yana zuwa da takardar bayanin haɗari da ake kira SDS mai sashe 16, da tambarin nan mai jan layi a jikin durom, na harshen wuta ko na ruwa yana ɗiga kan hannu. Wannan takarda haƙƙin ma'aikaci ce, kuma a ganina maigidan da ya ɓoye ta a ofis bai fassara wa yaransa da Hausa ba ya ci amanarsu. Idan sabon yaro ya ce Oga wannan ruwan mene ne, amsar kada ta zama kai dai zuba kawai.

Mai zubawa ya saka safar hannu ta nitril ko butil, banda ta auduga ko ta fata don su tsotsa suke su riƙe shi a jikin fata. Tabarau kuma mai rufe ido ta kowane gefe, in za a juye daga durom a ƙara da garkuwar fuska da atamfar roba. Takunkumin ƙyalle ko irin na asibiti da aka saba dashi tun korona baya tare tururi ko kaɗan, kuma ko takunkumin nan mai gwangwanin gawayi metanol na saurin ratsa shi, shi yasa babban kariya shine iska, a yi aikin inda take shiga tana fita ko a saka fanka mai zuƙe tururi zuwa waje. Ba a cin abinci ko shan taba a wurin, a wanke hannu da sabulu kafin alwala don a alwala hannun zai je baki da hanci da ido gaba ɗaya.

Ajiya kuma wuri mai sanyi marar laima, nesa da rana da wuta, murfi a ɗaure tam bayan kowane ɗiba. Daga Mayu zuwa Oktoba lokacin damina iskar Kaduna cike take da laima, durom ɗin da aka bari a buɗe sai ka ga ruwan ya yi fari-fari ko ya yi kauri kamar koko, wannan ya lalace kenan, an yi asarar kuɗi kuma barasa ta taru a ciki. Idan an ga durom ya kumbura kada a buɗe shi da guduma da kurfi.

Abinda ya fi damuna a duk lamarin nan shine ɗiban sa a gorar ruwa. Wanda ke bukatar rabin lita ba zai sayi durom ba, sai a tsiyaya masa a gorar da aka sha ruwa aka yar, ba rubutu ba komai, ya ajiye ta ƙarƙashin benci kusa da butar alwala, rana ta take, yaron shago ya dawo daga aike da ƙishi ya ga gora cike da ruwa garai. Ko da ɗan kaɗan ne a saka shi a mazubin da ba na abin sha ba, a rubuta sunansa da GUBA da manyan baƙaƙe, har da ajami in da hali. Haka durom ɗin da ya ƙare, ko an ɗauraye bai kamata ya koma na tara ruwan sha ko jiƙa gero ba, kuma kada mai walda ya yanka shi da wuta don tururin da ya rage a ciki zai iya fashewa.

Idan abu ya faru

In ya shiga ido a fara zuba ruwa mai tsafta nan take, a buɗe fatar idon da yatsa ana zubawa aƙalla minti 15 cur, ko da ledar fiya wata ce a yi ta fasawa, kada a saka nono ko man ja ko kwalli ko maganin ɗigo. Bayan nan a wuce asibiti, Allah ya sa a garin akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa ta wajen Mando, a tafi da takardar SDS ko hoton tambarin durom ɗin a waya don likita ya san da wanne yake fama. In fata ce a cire rigar da ta jiƙe a wanke da ruwa da yawa. Wanda ya shaƙa a fitar dashi fili. Wanda ya sha kuma kada a sa shi amai don mai amino zai sake ƙona maƙogwaro a hanyar fita, a kurkure masa baki a kai shi asibiti ko da yace ba abinda yake ji, akwai maganin gubar metanol kuma yana aiki ne idan an yi sauri.

In ya zube a ƙasa a kashe duk wata wuta, a zuba busasshen yashi ya tsotse a kwashe cikin mazubi mai murfi, a kula da santsi don yana da shi sosai. Ba a kora shi kwata, kwatocin unguwanni da yawa a kogin Kaduna suke ƙarewa inda ake noman rani da kamun kifi. Gobararsa kuma da tukunyar kashe wuta mai gari ko mai iskar kabon ko kumfar da barasa bata narkarwa ake kashe ta, ruwan tiyo mai ƙarfi watsa ta kawai zai yi. Shigo da sinadaran masana'antu a Najeriya sai da izinin NAFDAC, zubar da sharar su kuma yana ƙarƙashin hukumar kula da dokokin muhalli ta ƙasa NESREA da aka kafa a 2007, a matakin jiha kuma hukumar kare muhalli ta KEPA ce ake tuntuɓa kafin a zubar da ragowa ko tsofaffin duroma.