Rabon Ayyukan Yi a Sassan Nijeriya

Masana tattalin arziki kan kasa ayyukan da jama'a ke cin abinci da su gida uku: noma da kiwo da kamun kifi; masana'antu da haƙar ma'adinai da gine-gine; sai kasuwanci da sufuri da koyarwa da aikin gwamnati. A Nijeriya rabon nan ya bambanta daga shiyya zuwa shiyya. Ana ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na masu aiki manoma ne, kuma a Arewa suka fi yawa.

Kudu

Legas ta tattara bankuna, tashar jiragen ruwa ta Apapa da masana'antun Ikeja. Kudu maso Gabas ta yi suna a fatauci da ƙere-ƙere, irin kasuwar Onitsha, takalman Aba da kayan gyaran mota na Nnewi. A Neja Delta, inda aka gano man fetur a Oloibiri a 1956, man yana kawo wa gwamnati kuɗi mai yawa, amma waɗanda yake ɗauka aiki ba su taka kara sun karya ba.

Arewa, da misalin Zariya

Kafin zuwan Turawa, mutumin ƙasar Zazzau manomi ne da damina, da rani kuma ya koma saƙa, rini a karofi, jima, ƙira ko fatauci. Ɗinkin hannu na babbar riga, irin su aska biyu da aska takwas, har yau yana nan a cikin birni, inda mai ɗinki kan zauna a zaure da allurarsa, riga guda ta ci masa makonni.

Jirgin ƙasa ne ya kawo aikin albashi. Layin Baro zuwa Kano ya ratsa Zariya wajen 1911, garin ya zama mahaɗa: reshe ɗaya ya nufi Jos, wani ya kai Gusau da Ƙaura Namoda wajen 1929. Akawu da ma'aikatan reluwe, da yawansu 'yan Kudu, suka zauna a Sabon Gari. Aka kafa injin gurzar auduga, aka buɗe Kamfanin Gaskiya mai buga jaridu da littattafai a 1945, daga baya masana'antar taba ta zo. Audugar yankin tana cikin wadda ta riƙe masaƙun Kakuri a Kaduna, inda ta farko ta fara aiki a 1957. Yawancinsu sun durƙushe a shekarun 2000, saboda ƙarancin wutar lantarki da kwararowar atamfa mai araha daga waje. Dubban ma'aikata suka rasa abin yi, manomin auduga ya rasa mai saye, kuma wannan giɓi ba a cike shi ba.

Abin da ya tallafi Zariya shi ne makarantu. Jami'ar Ahmadu Bello ta 1962, cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, asibitin koyarwa na Shika, kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta 1964 da barikin horar da kuratan soja duk suna biyan albashi. A kan albashin nan da kuɗin ɗalibai masu ba da hayar ɗakuna, masu abinci da 'yan acaba na Samaru suka dogara, shi ya sa kasuwa kan mutu idan malaman jami'a suka shiga yajin aiki.

A ƙauyuka kuwa noma ne gaba: masara da dawa, rake a Makarfi, tumatir da albasa a bakin kogin Galma. Bayan girbi matasa da yawa kan tafi cin rani.

Ƙididdiga

A 2023 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sauya ma'auni, ta lissafa duk wanda ya yi aikin samun kuɗi na awa ɗaya a mako cikin masu aiki. Rashin aikin yi ya sauko daga kashi 33.3 cikin ɗari zuwa 4.1, masana da dama suka soki tsarin. Alƙaluman hukumar sun nuna fiye da kashi 90 na masu aiki suna ɓangaren da ba na hukuma ba, wato sana'o'in da ba su da rajista. Kasa irin waɗannan gida uku yana da wuya, domin malamin firamare kan yi noma ya kuma riƙe shago, matar aure kuma daga cikin gida take soya ƙosai ko ƙuliƙuli ana kai mata talla.