Waiwaye: Yadda Kuɗi Ya Sami Ƙofa a Manyan Jami'o'in Amurka

Tun da Kotun Ƙolin Amurka ta hana duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai a watan Yunin 2023, muhawara ta koma kan 'ya'yan masu hannu da shuni. A shekarar ne wani bincike ya nuna cewa yaron da iyayensa ke cikin kashi 1 cikin 100 mafiya arziki ya ninka ɗan matsakaicin gida damar shiga manyan jami'o'in nan, ko da makinsu ɗaya a SAT, jarrabawar neman shiga jami'a a Amurka. Lamarin ya daɗe yana ruruwa.

Fifita 'ya'yan tsofaffin ɗalibai ya samo asali tun shekarun 1920, lokacin da ake neman rage yawan Yahudawa. Badaƙalar sayen gurbi ta 2019 kuwa, inda aka kama iyaye masu kuɗi suna ba da cin hanci don a ɗauki 'ya'yansu, ta yi tashe.

Abin da ba a cika waiwaya ba shi ne shekarun 1990, lokacin da tsarin neman gurbi da wuri ya bazu. Ɗalibi zai zaɓi jami'a ɗaya tak, ya miƙa takardunsa a farkon Nuwamba, shi da iyayensa da mai ba shi shawara a makaranta su sa hannu cewa in an ɗauke shi dole ya je. Sakamako na fitowa a tsakiyar Disamba, in an ɗauke shi sai ya janye duk sauran takardunsa.

A nan gizo ke saƙar. Ɗan talaka yana buƙatar ya jira watan Maris ko Afrilu, ya jera tayin tallafin karatu na jami'o'i uku ko huɗu, ya ga wanda iyayensa za su iya. Wanda ya ɗaure kansa tun Nuwamba ya rasa wannan. Gidan da kuɗin makaranta bai dame su ba, su ne ke sa hannu ba fargaba. Ladan kuma ba kaɗan ba ne: binciken masana da aka buga a 2003 ya kiyasta cewa neman gurbi da wuri daidai yake da ƙarin maki kusan 100 a SAT. Yau akwai jami'o'in da ke cike rabin gurabensu ta wannan ƙofa kafin sauran yara su miƙa takarda.

A 2006 Harvard da Princeton sun sanar da soke nasu tsarin saboda rashin adalcinsa. Kaɗan ne suka bi su, a 2011 suka dawo da wanda ba ya ɗaure ɗalibi. Jihohi irin su Colorado da Maryland da California sun yi dokar hana fifita 'ya'yan tsofaffin ɗalibai, amma yarjejeniyar Nuwamba tana nan daram.