Kuɗin farfaɗo da gaɓar tekun Ogoni: tambayoyin da ake ta maimaitawa

Wa yake biyan kuɗin aikin?

Na sha amsa wannan. Aikin dai shi ne tsabtace yankin Ogoni na Jihar Ribas da ɗanyen mai ya gurɓata, da sake dasa itatuwan bakin teku da ake kira mangurob. Rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ba da shawarar a ware dala biliyan 1, kuma kamfanonin haɗin gwiwar haƙar mai da Shell yake jagoranta a lokacin aka ɗora wa kaso mafi tsoka. Kashi 55 cikin 100 na haɗin gwiwar na NNPC ne, kamfanin mai na ƙasa, saboda haka duk mai cewa ba dukiyar jama'a ba ce bai duba lissafi ba.

Yaushe aka fara?

A watan Yunin 2016 Yemi Osinbajo, mataimakin shugaban ƙasa a lokacin, ya ƙaddamar da aikin a garin Bodo, kuma HYPREP, hukumar gyara wuraren da mai ya gurɓata, ita ce take gudanar da shi ƙarƙashin Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya.

Ina ruwan ɗan Arewa da itatuwan bakin teku?

Haba jama'a! Man da ya gurɓata wurin da kuɗinsa ake biyan albashi har a Kano da Sakkwato, bai dace a ci riba tare sannan a ce gyara na mutum ɗaya ne ba.

Idan an dasa itatuwan, yaushe masunta za su koma sana'arsu?

A nan sai an yi haƙuri, domin amsar ta danganta da wuri. Itacen mangurob yana tsayuwa ne a cikin taɓo, saiwoyinsa a waje kamar ƙafafu, kuma a tsakaninsu ƙananan kifaye da ƙaguwa da jatan lande suke samun mafaka. Inda ɗanyen mai ya nutse cikin taɓon, wanda za ka tona da sanda ka ga baƙin maiƙo yana tasowa, dashen yakan mutu idan ba a fara wanke ƙasar ba. Inda aka wanke kuwa yana iya kamawa cikin 'yan shekaru, muddin wani bututun bai sake fashewa ba, kuma masu tace mai ta haramtacciyar hanya ba su dawo ba. Akwai kuma bishiyar nipa, wata dangin kwakwa, da aka shigo da ita Kalaba a 1906, wadda take mamaye duk filin da aka bari, sai an riƙa biyan masu cire ta. A ganina kuɗin kulawa bayan dashe ya fi na bikin dashen muhimmanci, amma shi ne aka fi saurin mantawa a kasafi.

Dala biliyan 1 za ta isa?

A'a. Na shekaru 5 na farko ne, alhali rahoton ya ce gyaran zai ɗauki shekara 25 zuwa 30.