Waiwaye: Yadda kuɗin haya ya raba Legas, Abuja da Kano

Tun watan Yulin 2024 mafi ƙarancin albashi a Najeriya ya koma naira 70,000. Jihar Legas ta ce za ta biya 85,000, Kano kuma 71,000. Tazarar albashin ba ta taka kara ta karya ba, amma ta kuɗin haya sai wanda ya gani. Abin da zai kama wa magidanci ciki da falo a Rijiyar Lemo ta Kano na shekara guda, ba zai ishe shi ɗaki ɗaya a Wuse ta Abuja ko Lekki ta Legas ba. Wannan bambanci yana da tushe, kuma mafi yawansa daga shawarwarin da gwamnatoci suka yanke ne.

Legas ce ta fara ɗanɗana kuɗarta. Ita ce hedikwatar ƙasa daga 1914 zuwa 1991, ga tashar jiragen ruwa, ga ƙasar gini kaɗan saboda ruwa ya kewaye ta. Da kuɗin man fetur suka shigo bayan yaƙin basasa, aka yi ƙarin albashin Udoji a tsakiyar shekarun 1970, sai masu gidaje suka bi sahu. Gwamnatin soja ta kafa dokokin ƙayyade haya da kotunan sauraren ƙorafi, amma ɗan hayar da bai da inda zai koma ba ya kai mai gida ƙara. Wanda ya taɓa matsalar daga tushe shi ne Gwamna Lateef Jakande, wanda tsakanin 1979 da 1983 ya gina dubban gidaje masu rahusa da har yau ake kira da sunansa. A daidai lokacin Shugaba Shagari ya yi nasa a jihohi, sai dai da yawa an kafa su nesa da gari, inda babu ruwa babu mota. A 2011 Legas ta sake gwada doka, ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, amma ta cire Ikoyi, Victoria Island, Apapa da Ikeja GRA daga ciki.

Labarin Abuja ya fi ɗaure kai, domin ita kam da gangan aka zana ta. An yanke shawarar gina ta a 1976, gwamnati ta tare a ranar 12 ga Disamban 1991. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamnoni, a Abuja kuwa ministan birnin ne ke rabo. Fuloti ya zama abin masu hanya, gini ya zama na masu ƙarfi, kuma mai ƙarfi ba ya gina wa masinja da direba. Da gwamnatin Obasanjo ta kawo tsarin biyan ma'aikata kuɗi a maimakon ba su gida a 2003, aka sayar da gidajen gwamnati, sannan aka yi rusau a zamanin ministancin Nasiru El-Rufai, sai ƙaramin ma'aikaci ya tattara ya fice. Wasu suka nufi Mararaba da Masaka a jihar Nasarawa, wasu Suleja da Madalla a jihar Neja. Duk wanda ya bi hanyar Nyanya bayan sallar asuba ya ga sakamakon: motoci sun yi cirko-cirko, mutane na gyangyaɗi a bas da jakar aiki a cinya, alhali a Maitama da Asokoro ga manyan gidaje a kulle ba kowa sai mai gadi. Abin da suka rage a haya, kuɗin mota ya cinye, musamman bayan cire tallafin mai a Mayun 2023.

A Kano da sauran tsofaffin biranen Arewa, abin da ya daɗe yana danne farashi shi ne gidan gado. Saurayi zai yi aure, a yanka masa sashe a gidan mahaifinsa, a fitar da ƙofa. Haya a da ta baƙo ce, ta mazauna Sabon Gari da Fagge. Yanzu gidajen cikin birni sun cika, an raba gado har ya kai ɗaki-ɗaki, kuma iyayen amarya da yawa ba sa yarda 'yarsu ta tare sai a gidan da take ita kaɗai. Shi ya sa za ka ga an sa rana, an haɗa lefe, amma biki na ta ɗaguwa saboda ango na bin dillalai, wannan ya karɓi kuɗin ganin gida, wancan ya ce sai an ba da kafin alƙalami yau ko wani ya ɗauka, ga la'ada a gefe. Gari ya yi ta faɗaɗa ta hanyar awon igiya, unguwanni ba lambatu ba makaranta.

Sai kuma rashin tsaro, wanda ya sauya lissafin gaba ɗaya. Rikicin Boko Haram ya tura jama'ar ƙananan hukumomi cikin Maiduguri, ƙungiyoyin agaji suka zo suna kama gidaje da tsada, haya ta tashi a garin da kasuwancinsa ya durƙushe. Gusau da Katsina na ganin irin haka daga masu gudun 'yan bindiga.

A ganina kuskure ne a riƙa cewa haya na da araha a Arewa. Lambar ce ƙarama, amma mai biyan, tela ne ko ɗan adaidaita sahu ko malamin makarantar kuɗi, wanda samunsa bai kai mafi ƙarancin albashin ba, kuma ana so ya dunƙule na shekara ya miƙa lokaci guda. Asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a 1992, wanda ake cire wa ma'aikata kashi 2.5 cikin ɗari dominsa, an tsara shi ne a kan mai albashi da takardar mallakar fili. Mafi yawan 'yan haya a Kano da Gusau ba su da ko ɗaya daga cikin biyun.