Kalmomin Ingilishi na dangin launin ruwan hoda

Launin da Bahaushe ke kira ruwan hoda yana da sunaye da yawa a Ingilishi, kuma ba ma'anarsu ɗaya ba. Pink ita ce uwar gidan: ja ne da aka sirka da fari. Asalinta sunan wani fure ne, sai a ƙarshen ƙarni na 17 aka fara kiran launin da ita. Sauran kalmomin kowacce tana nuna inda launin ya karkata.

Salmon da coral sun karkata wajen ruwan goro. Ta farko sunan kifi ce, launin tsokarsa ake nufi. Ta biyu kuwa murjani ne, kuma duk wanda ya taɓa ganin tsakiyar murjani ya san ya fi tsokar kifin nan ja da kauri. Rose daga furen wardi ta samo suna, ta fi pink duhu kaɗan. Blush ita ce mafi haske, ɗan jan da ke hawa fuskar farar fata idan kunya ta kama mutum.

Inda aka fi rikicewa shi ne tsakanin magenta da fuchsia, masu karkata wajen shunayya. A 1859 wani masanin sinadarai Bafaranshe, François-Emmanuel Verguin, ya fito da wani rini da aka sa wa suna fuchsine. A ranar 4 ga Yuni na shekarar, dakarun Faransa da Sardiniya suka ci na Ostiriya da yaƙi a garin Magenta, kusa da Milan a Italiya, sai aka laƙaba wa rinin sunan garin. Ita fuchsia sunan fure ce, wanda ya ci sunan Leonhart Fuchs, Bajamushe masanin tsirrai na ƙarni na 16.

A lambobin launi na shafukan intanet, kalmomin biyu abu guda suke nufi: ja da shuɗi cikakku, babu kore ko kaɗan. A maɗaba'a kuma magenta ɗaya ce daga cikin tawada huɗu da ake buga hoto mai launi da su, kuma ta fi ta fuskar kwamfuta ja. Masu ɗinki da masu sayar da yadi sukan raba su, sai dai ba su tsaya a kan wacce ta fi kusa da shunayya ba.